I'inar da Ba ta Baba Haladu Ba

Obiageli tana tsaka da ɗaura wa wata laftof sabon gilashi, da hantsin wata Talata, sai ga keke-napep ya tsaya a ƙofar shagonta na gyaran kwamfuta da ke Anguwan Rukuba a Jos. Inna Maimunatu ce ta sauko, hannu ɗaya yana laluben ƙarfen keken, ɗayan riƙe da sanda. Tun da ciwon suga ya cinye mata gani ba ta cika fita ba, balle ta taso daga Dutse Uku ita kaɗai. Obiageli ta ajiye sukudireba ta fito da sauri.

"Inna! Lafiya? Ina Baba?"

"Yana shago ya haɗa kai da gwiwa. Ba ni kujera tukuna, ƙafafuna sun yi sanyi."

Baba Haladu, mijin Inna, tela ne. Katanga ɗaya ta raba gidansa da wanda iyayen Obiageli suka yi haya a Dutse Uku, kafin rikici ya sa su tattara su koma Anguwan Rukuba. Shi ya ɗinka mata kayan makaranta tun daga firamare, kuma har yau 'yata yake ce mata. Kowa a layinsu ya san cewa yana yaro ya yi fama da i'ina mai tsanani, kowa kuma ya san yadda ya rabu da ita: jarida yake saya kullum, ya riƙa karantawa da ƙarfi a bakin kekensa na ɗinki, har harshensa ya warware, har ma maƙwabta suka koma zuwa shagon don jin labarai daga bakinsa. Murya gare shi mai kauri da natsuwa. Sai in ransa ya ɓaci ƙwarai ne tsohuwar cutar take leƙowa.

Inna ta ba ta labari daki-daki. Ƙungiyarsu ta mata marasa gani, wadda Madam Josephine take shugabanta, ta samo wani ɗan littafi na Hausa a kan yadda mai ciwon suga da hawan jini zai kula da kansa. Aka ce a sami mai murya ya karanta, a naɗa, a zuba wa kowace mace a wayarta. Baba Haladu ya ce shi zai yi kyauta, saboda Allah. Asabar bayan Asabar yana sa farar shaddarsa yana tafiya Rikkos, situdiyon wani saurayi mai suna Ashraf. Da aka gama, Madam Josephine ta je saurare. Abin da ya fito daga lasifika sai ya zama kamar mutum yana magana a bayan mota a kan hanya mai gargada. Ashraf ya ɗaga kafaɗa ya ce ai tsohon mai i'ina ne, duk Dutse Uku an sani, shi ma kunya ce ta hana shi faɗa. Madam ta yi wa Baba godiya cikin ladabi, ta ce za a nemi wani.

"Da a nan aka tsaya ma da sauƙi," in ji Inna. Ta zaro wayarta daga cikin mayafi. "'Yar maƙwabtanmu ta turo mini. Wai yana ta yawo."

Bidiyo ne gajere, an ɗauki fuskar lasifika da waya. Muryar Baba tana cewa, "Mai ciwon su-su-su-suga ya ku-ku-kula da ƙaf-f-f-farsa." A bayan fage samari suna sheƙa dariya, wani yana buga tebur yana bin sautin kamar kiɗa. Obiageli ta mayar wa Inna wayar kamar ta riƙe abin da ya ruɓe.

"Wannan ba i'inarsa ba ce," Inna ta ce. "Tun ina budurwa nake jin mutumin nan. Idan ta kama shi numfashi yake riƙewa, kalmar ta ƙi fitowa, shiru za ki ji. Ba ya tsinkewa a tsakiyar kalma. Amma shi ya yarda. Ya ce ashe haka yake magana mutane suna rufa masa asiri. Jarida ma ya daina saye."

Obiageli ta sake karɓar wayar, ta daure ta kara a kunne. A wannan karon ba kalmomin ta saurara ba. Duk inda muryar ta sarƙe akwai wani ɗan ƙas a gabanta, kuma gutsuren sautin da ke maimaituwa iri ɗaya ne sak, ba hawa ba sauka. Bakin ɗan Adam ba ya yin haka.

Ta saka Inna a keke, ta rufe shago, ta ɗauki jakar aikinta.

Hadari ya haɗu lokacin da ta isa Rikkos. Situdiyon yana saman wani shagon taya, ɗaki ɗaya da aka manne wa bango da kwalayen ƙwai. Tana tura ƙofa wari ya tare ta: hayaƙin shisha da ya kwana, zufa, da robobin abinci da aka tara a lungu har miyar ta yi fari-fari. Ashraf yana kishingiɗe a kujera mai juyawa, ƙafa a kan tebur. Ya san ta, don ta taɓa gyara masa wayar caja da ta tsinke a cikin wata laftof.

"Ah, Anti Obi! Yau a ofis ɗinmu? Waƙa za ki yi?"

"Kwamfutarka na zo dubawa."

"Lafiyarta lau fa."

"To ai ba abin tsoro. Tashi."

Ya yi 'yar dariya, ya duba fuskarta, dariyar ta tsaya. Ya tashi. Ta ɗauki abin sauraro na kunne da ke rataye, ta ga sosonsa ya yi baƙi yana naso da man kan mutane, ta mayar da shi ta goge yatsunta a siket. Ta ciro nata daga jaka.

Ba ta fara da zargin kowa ba. Ta nemo fayil ɗin Baba, ta kwafa a filashi, ta zuba a wayarta, ta kunna. Sai ga muryar ta fito sumul, a hankali, kamar yana zaune a gabanta yana auna mata tsawon hannu. Ta kunna wannan fayil ɗin dai a kwamfutar Ashraf. Bai yi nisa ba ya fara tsalle. Ta rufe shi, ta buɗe wata waƙar biki da ta gani a kan allo. Mawaƙin ma ya kama i'ina. Ta buɗe wata waƙar coci da wata ƙungiyar mawaƙa ta naɗa a wurin. Duk taron, maza da mata, suka kama i'ina tare.

Ta juyo ta kalle shi.

"Su ma 'yan Dutse Uku ne?"

Ashraf ya sosa ƙeya. "Wani lokaci tana ɗan yin haka. Ina ga wuta ce, kin san NEPA."

Ta ƙyale shi. Ta ɗora wata ƙaramar manhaja daga filashinta, irin wadda ke auna yadda kowane sashe na kwamfuta yake riƙe ƙwaƙwalwarta kafin ya saki. Sauti ba ya son jira. Dole kwamfuta ta riƙa ɗura wa lasifika shi kaɗan-kaɗan ba yankewa, in wani abu ya tsare ta ko da ƙiftawar ido ne, sai lasifika ta riƙa nanata ɗan abin da ke hannunta har sabo ya iso. Obiageli ta kunna muryar Baba, ta zuba wa allon ido. Gajerun sanduna kore suna ta wucewa a jere. Can sai wata ja ta miƙe har saman allon, a daidai nan Baba ya ce "su-su-su." Kore, kore, kore, sai ja kuma. Ba ta zuwa barkatai, lokaci-lokaci take zuwa kamar mai bin agogo.

Ta fara cire masu laifi ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙara girman ma'ajin sauti a manhajar naɗi, ja ba ta fasa ba. Ta canja wa akwatin makirufo rami, haka. Ta rufe tarkacen da ke gudana a ɓoye, wasannin caca da abubuwan sauke finafinai, ja tana nan. Sai ta buɗe shafin da manhajar take jera sunayen waɗanda suka fi daɗewa riƙe da kwamfutar. Na farko a jerin, da tazara mai nisa, direban katin wayifai ne. Direba a bakin masu gyara ita ce 'yar manhajar da ke fassara tsakanin kwamfuta da wata na'ura da aka jona mata.

"Ina katin intanet ɗinka?"

"Yana baya."

Ta durƙusa ta zura hannu bayan teburin. Yatsunta suka faɗa cikin wani abu mai danƙo, tsohon lemo da ya zube ya bushe, ƙura da gashi sun manne a kai. Da ta ja kwamfutar gaba sai kyankyasai suka watse, wani ya bi ta kan hannunta. Ta yarfe shi, ta miƙe tana tofar da yawu a ƙyalle. Ashraf ya ce, "Sori, Anti," yana danne dariya. Can ta hango katin, ɗan ƙarami kamar ɗan yatsa, mai eriya lanƙwasasshiya an ɗaure ta da salatif, an karkata ta wajen taga.

"Wayifai ɗin wa kake kamawa?"

"Na wani otal ne a bayanmu. Wani yarona yana aiki a can."

Nan ta gane komai. Siginar tana zuwa da rauni, tana yankewa. Duk lokacin da ta yanke, katin sai ya shiga laluben duk wani wayifai da ke unguwar, direbansa kuma ya ƙanƙame kwamfutar ya hana kowa motsi sai ya gama. Ta duba direban. Ba na kamfanin katin ba ne, wata manhajar banza ce mai alkawarin sabunta komai da dannawa ɗaya ta ɗora masa shi.

Ta kashe katin daga cikin kwamfutar, ta kunna muryar Baba. Ruwan sama ya sauko a kan kwano, su biyu suna tsaye suna saurare. Shafi guda ya wuce, na biyu ya wuce, sandunan kore lafiya lau. Ta kunna katin. Ja ta miƙe, Baba ya sarƙe. Ta kashe. Ya warware.

Fuskar Ashraf ta washe, har da tafi.

"Wallahi Anti ke 'yar baiwa ce! Kin san tun bayan Sallah abin nan yake min iskanci? Har wani mai waƙar siyasa ya kwashe aikinsa saboda shi."

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa.

Obiageli ta cire abin sauraron daga kunnenta a hankali. Da ma ta zaci haka, amma ji daga bakinsa, yana murmushi, ya sa tsigar jikinta ta tashi fiye da tafiyar kyankyason nan.

"Tun bayan Sallah. Wato ranar da Madam Josephine ta zauna a nan, ka san kwamfutarka ce."

"Anti ki gane mana. In na ce mata injina ne, ai tafiya za ta yi da aikin, ta gaya wa mutanen cocinsu. Shi kuwa Baba me ya rasa? Ba sana'arsa ba ce. Kuma ai ba ƙarya na yi ba, yana da i'inar."

"Bidiyon fa?"

"Wannan wasa ne kawai da abokai. Ban san zai bazu ba."

Ta dubi sarƙar wuyansa, ta dubi robobin abincin, ta ji ko zagi ma asara ne. Ta koma ta zauna, ba don shi ba, don tana son aikin Baba ya fita daga wannan ɗakin da tsabta. Ta goge direban banzan tare da manhajar da ta kawo shi, ta ɗora tsohon direba na ainihi da take da shi a filashi, ta hana kwamfutar kashe katin da sunan tsimin wuta, ta rage masa yawan laluben. Ja ta ragu ta koma ɗan tsiri da ba ya kai wa sauti. Ta ce masa in yana son zaman lafiya ya ja waya ya sayi intanet nasa, in kuma ba zai iya ba, ya kashe katin duk lokacin da zai naɗi murya.

Tana faɗin haka wani tunani ya faɗo mata. In katin yana tsare kwamfutar a lokacin saurare, ai yana tsare ta a lokacin naɗi ma. A can kuwa ba nanatawa ake yi ba, abin da aka faɗa ne yake ɓacewa. Ta mayar da abin sauraro, ta bi fayilolin Baba a wayarta da kunnen basira. Yawanci lafiya, amma nan da can akwai gurbi, rabin kalma ta tafi, wani wurin kalma sukutum.

"Wa ya karanta bayan an cire Baba?"

"Wani abokina ne, Zainulabideen. Yana da murya. Na ma miƙa wa Madam tun shekaranjiya."

"A wannan kwamfutar? Da katin a kunne?"

Ta nemo fayilolin Zainulabideen, ta buɗe littafin da aka bari a kan tebur, gefensa duk manja, tana bi layi-layi. A babin magani ta tsaya. Littafin ya ce kada a ƙara yawan ƙwaya idan an manta ta jiya. A naɗin, sai ɗan ƙas, sannan muryar ta ce a ƙara yawan ƙwaya idan an manta ta jiya. Kalmar farko ta tafi.

Ta kunna masa. Ta sake kunna masa.

"Ka saurari abin nan kafin ka miƙa?"

"Anti, littafi ne fa mai tsawo."

A gabansa ta kira Madam Josephine. Matar ta ce Lahadi mai zuwa za su raba wa mata, wasu ma an riga an tura musu. Da Obiageli ta kara wayar a lasifika, Madam ta ji jimlar, sai ta ce "Yesu!" Daga baya ta ce za ta bi su ɗaya-ɗaya a goge. Sai kuma muryarta ta yi ƙasa, ta ce, "To Malam Haladu fa? Ni fa na ce masa mun gode."

Kafin Obiageli ta fita ta kwashe duk fayilolin Baba, ta tsaya a kan Ashraf har ya goge bidiyon daga wayarsa ya kuma rubuta a dandalin abokansa cewa laifin inji ne. Abin da ya rubuta guntu ne, ya ƙare shi da hoton fuska mai dariya. Ba wanda ya tura shi gaba. Ta sauko ta tsaya a bakin shagon taya, ta tara hannuwanta a ruwan indararo tana cuɗawa har suka yi sanyi ƙalau.

Washegari suka je Dutse Uku tare da Madam Josephine. Baba Haladu yana kan keke yana ɗinkin wata riga, bai ɗago sosai ba. Madam ta durƙusa har ƙasa ta ba shi haƙuri. Ya buɗe baki zai ce ba komai, kalmar ta tsaya. Jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya kaɗa, shiru ya cika shagon. Obiageli ta kawar da kai. Wannan i'inar kam tasa ce, kuma kafin ya taka situdiyon nan rabonta da jin ta tun tana 'yar sakandare.

Ba ta yi masa dogon bayani ba. Ta sa masa abin sauraro a kunne, ta kunna babin farko. Ya daɗe yana ji, hannunsa a kan rigar da bai gama ba.

"Wannan ni ne?"

"Kai ne, Baba."

"Ba ki gyara ba, 'yata?"

"Ko taɓawa ban yi ba. Injin yaron ne yake tsalle."

Ya ce ba zai ƙara hawa benen nan ba ko da me za a ba shi. Aka ce ba sai ya hau ba. A shagonsa aka cike guraben, da safe kafin layi ya cika da hayaniya, an jingina bandir-bandir na yadi a bango don su shanye amsa-kuwwa, laftof ɗin Obiageli a kan teburin yanka, katinta a kashe. Inna tana zaune a gefe, in ya yi sauri ta buga sanda a ƙasa. Ranar farko da ƙyar aka sami shafi biyu, yana tsayawa yana share gumi cikin sanyin Jos. Daga baya abin ya riƙa sauƙi, ko da yake bai koma kamar da ba gaba ɗaya. Yara a layin kuma ba su daina ce masa "su-su-suga" in sun wuce da gudu ba.

Ana cikin makon da aka raba wa mata naɗin, wayar Obiageli ta yi ƙara tana cin abincin rana a shago. Ashraf ne.

"Anti Obi, albishir. Kin san bidiyon nan na Baba? Wani ya ɗora shi a intanet, dubban mutane suna kallo. Na ɗora masa kiɗa, wallahi in kin ji sai kin taka. So nake ki yi masa magana ya zo mu ɗauki hotonsa a kan keken ɗinki, ya ɗan yi i'inar da gangan. Zai yi suna fa. Ke yake jin maganarki."

Obiageli ta dubi lomar da ke hannunta, ta mayar da ita cikin kwano.

"Ashraf."

"Na'am, Anti."

"In na ji waƙar nan a wayar ko mutum ɗaya, zan ɗauki jimlar maganin nan da ka miƙa wa makafi, in bi duk mai kawo maka aiki a garin nan in kunna masa. Kada ka ƙara kirana."

Ta kashe. Ta rufe abincin ta tura shi ƙarƙashin tebur, don ya fita daga ranta. Ba ta gaya wa Baba ba, ba ta gaya wa Inna ba. Wani mutum ya shigo da firinta a rungume yana cewa takarda take ci, ta share hannunta ta ce ya ajiye a nan.